Ciwon Cikin Saja Sila

Abin da Justice ya fara lura da shi da ya sauka a tashar Zuru shi ne garin bai jira shi ba. An kafa dogon ƙarfen wayar salula a bayan kasuwa, har tsofaffin da ya bari ba su iya duba agogo ba yanzu sun iya ihu a cikin waya. Baburan haya sun cika titi kamar fara, kowa ya zama ɗan kabu-kabu, har da malamin da ya koya masa lissafi a firamare. Ruwan sha ya koma cikin leda. Gidan burkutun da ke kwanar unguwarsu ya zama coci, cocin da ke kusa da shi kuma ya rabu biyu, kowane rabi da lasifikarsa. Rumfar Fidelis mai kemis ta zama shago mai ƙofar gilashi, ana sayar da magani a dama, lemo a hagu. Abokansa rabi sun shiga soja, rabi sun yi tumbi. Tsohon siton gyaɗa na hanyar Ribah kuwa an shafe shi da farin fenti an rataya masa allo, ya zama makarantar koyar da ma'aikatan lafiya, ta Baba Philemon.

Abu ɗaya ne ya tarar yadda ya bar shi. Leah, 'yar Baba Philemon, ba ta yi aure ba.

Da ma ita aka yi masa alkawari. A al'adar mutanensu kuwa sai saurayi ya yi wa surukinsa noman golmo shekara bakwai kafin a ba shi mata. Justice ya yi damina biyu, a ta uku ya ce bayansa ba na fartanya ba ne, ya hau mota ya yi kudu.

A can ya sami aiki a wani asibitin koyarwa. Duk lokacin da aka shirya wa malaman makarantar likitoci bita a kan yadda za su gyara koyarwarsu, shi ke jera kujeru, ya ɗauko majigi, ya kunna, ya raɓe a bayan ƙofa. Da bayani ya fara nisa sai a yafito shi ya je ya kawo lemo da mitfai, gasasshiyar fulawar nan mai nama a ciki. Saboda haka babu wata dabarar koyarwa da aka ƙirƙiro a duniya wadda Justice bai ji farkonta ba. Ƙarshenta ne bai taɓa ji ba, domin a lokacin yana layin mai lemo.

Wannan bayani bai hau motar Zuru tare da shi ba. Abin da ya sauka a tasha shi ne mutum cikin farar rigar likita, da jaka mai taya, yana gaya wa duk wanda ya gaishe shi cewa shi ba likita ba ne, ya wuce nan, shi ne mai koya wa masu koya wa likitoci.

Da ya je gaishe da Baba Philemon ya tarar da tsohon cikin damuwa. Mutum ne da ya yi rayuwarsa a asibitin soja, ba shi da yawan magana. Ya ce masu duba makarantu sun zo daga babban birnin jiha, sun ce malamansa sun san aiki amma ba su iya koyar da shi ba, shifta kawai suke yi wa ɗalibai daga safe har azahar. Za su dawo ƙarshen damina. In ba su ga canji ba, babu izinin ci gaba da makarantar. Justice ya yi dariya har da buga gwiwa, ya ce ai faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Tsohon ya dube shi daga takalmi har wuyan riga.

"Golmon da ka gudu ka bari yana nan, ba ya ruɓewa," in ji shi. "Amma gonata yanzu makarantar nan ce. Ka gyara mini malamai. In baƙin nan sun sa hannu, Leah taka ce. In ba su sa ba, kada ka ƙara tako mini ƙofar gida da wannan magana."

"Baba, farfesoshi na gyara, masu gemu har ƙirji. Malaman Zuru ai karin kumallo ne."

Leah ta rako shi bakin zaure, ta tambaye shi a hankali ko da gaske ya san aikin nan, don ita tana ganin komawa gona zai fi masa sauƙi. Ya ce ta fara neman telan da zai ɗinka mata rigar aure.

Manyan malaman makarantar biyu ne. Akwai Malam Ɗanjuma mai koyar da sassan jikin mutum, siriri mai tabarau, wanda in aka ce masa sabon abu ya zo daga kudu sai ya karɓa da hannu biyu. Akwai kuma Sista Beatrice, ungozoma, wadda rabin mutanen garin a hannunta suka faɗo duniya.

Ranar farko Justice ya sa aka fitar da teburin malami, aka jera kujeru da'ira, ya zaro ƙwallon roba daga jaka. Ya ce a kudu ba a fara komai sai an san juna, don haka duk wanda aka jefa wa ƙwallo ya faɗi sunansa da abincin da ya fi so. Mutanen nan kuwa benci ɗaya suke zama a coci tun kafin ya yi haƙori. Ya jefa wa Sista Beatrice. Ba ta ko ɗaga hannu ba, ƙwallon ya daki kafaɗarta ya wuce ya sauke tabaran Malam Ɗanjuma.

"Justice, ni za ka tambaya sunana?" in ji ta. "Ni na yanke maka cibi. Ga alama kuma na haɗa da wani abin da ya kamata in bar maka."

Ya ce irin wannan turjiya ma an yi bayaninta a kudu, alama ce ta cewa horo ya fara shiga.

Sai ya kafa dokar farko: malamin zamani ba ya ba da amsa. In ɗalibi ya yi tambaya, a mayar masa da ita, a ce kai me kake gani. Haka ya ji wata farfesa ta faɗa da kunnensa. Abin da ta ƙara bayan nan, cewa a ƙarshen darasi malami ya tattara ya faɗi daidai, wannan ya same shi a hanyar ɗauko ƙanƙara.

Malam Ɗanjuma ya rungumi dokar kamar a Littafi Mai Tsarki ya gan ta. Wata ɗaliba ta tambaye shi a wane gefen ciki saifa take, ya ce ke me kike gani. Ta ce dama. Wani ya ce hagu. Gardama ta kaure, malam yana tsaye yana gumi, amsa tana bakinsa amma doka ta hana. Da abin ya ƙi ƙarewa sai shugaban aji ya ce a ɗaga hannu. Dama ta yi rinjaye da tazara mai yawa. Malam Ɗanjuma ya sami Justice a ofis ya ce shi fa saifa a hagu ya san ta tun yana makaranta, yanzu ga shi aji ya mayar da ita dama. Justice ya ce kada ya damu, wannan shi ake kira ilimi ya zama na ɗalibai, saifa za ta koma wurinta da kanta in sun ƙara girma.

Dokar ta bi malam har gida. Matarsa ta shanya dawa, ta ga hadari, ta tambaye shi ko ruwan nan zai sauko ta kwashe. Ya ce ke me kike gani. Ta ga kamar zai wuce. Bai wuce ba. Washegari ta zo makaranta da kanta tana tambayar wane ne wannan da ya lalata mata miji, mutumin da a da in ka tambaye shi abu ɗaya sai ya ba ka amsa uku.

Doka ta biyu ta gyara kuskure ce. Justice ya ce ba a yi wa ɗalibi gyara tsirara, sai an sa shi tsakanin yabo biyu, kamar nama a tsakiyar burodi. Sista Beatrice ta ce to, ta ji. Da rana wata ɗaliba tana gwada wankan jariri da 'yar tsana, tsanar ta suɓuce ta faɗi da ka a kan siminti. Sista ta juya ta tabbatar Justice yana kallo.

"Takalminki ya yi kyau," ta ce wa yarinyar. "Kin kashe ɗan mutane. Ɗankwalinki ma ya yi kyau."

Justice ya tafa, ya ce wannan shi ne ci gaba.

Labari ya zaga gari. 'Yan kabu-kabun da ke tsayawa a ƙofar makaranta suka sa masa suna Me-kake-gani. Shi kuwa ya ɗauka shahara ce, yana ɗaga musu hannu.

Da ranar baƙi ta matso sai ya ga ƙananan dabaru ba za su isa ba, dole a yi abin da ba a taɓa gani ba daga nan har Yawuri. A kudu ya sha ganin ana kawo lafiyayyen mutum a koya masa ciwo, ya kwanta, malamai su nuna yadda ake koyar da ɗalibai duba majiyyaci a kansa. Abin da ake yi kafin nan, wato a sanar da kowa cewa wasa ne, wannan bai taɓa kama shi a ɗaki ba. Shi a ganinsa ma daɗin abin a ɓoye shi, malamai da baƙi su ɗauka gaske ne, sai an gama ya fito ya warware, a yi ta tafi.

Ya rasa wanda zai ɗauka sai Saja Sila. Tsohon soja ne, ya yi Labanon, ya yi Chadi, ya yi Laberiya, jin kunnensa na hagu ma a can ya baro shi wajen igwa. Tun da ya yi ritaya zaman gida ya ishe shi, ba mai ba shi oda sai matarsa Saloma, ita kuwa odarta ba ta wuce a ɗaure akuya. Da Justice ya kai shi bayan coci ya yi masa bayani, tsohon ya miƙe ƙyam ya tambaya ko roƙo ne wannan ko oda. Justice ya ce oda ce. Idon saja ya kawo ruwa don murna.

Ya koya masa ciwon dalla-dalla, don wannan ɓangaren ya gani har ya haddace. Ciwo ya fara a cibiya, ya gangara ƙasan ciki ta dama. In an danna a yi nishi, in an saki a yi ƙara. Ba a son abinci. Ranar da baƙi za su zo, da an buga ƙararrawar tara, a faɗi. Kada a gaya wa kowa, ko mata. Kada kuma a tashi, ko me za a yi, sai Justice da bakinsa ya ce an sallame ka.

Saja ya maimaita odar daga farko har ƙarshe, ya sara, ya juya ta dama ya tafi.

Abin da Justice bai lissafa ba shi ne soja ba ya zuwa fareti ba atisaye. Tun daga ranar Saja Sila ya fara nishi a gida. Saloma ta kawo tuwo ya kau da kai. Ta yanka zakaranta ta yi farfesu, ya shinshina ya haɗiye yawu ya ce ba ya so. Ta je wurin Fidelis ta karɓo maganin tsutsa, ya sha ba musu, don ba a ba shi odar ƙin magani ba. Ran Lahadi aka sa sunansa a addu'ar marasa lafiya. Justice yana cikin cocin, ya ce amin da ƙarfi, yana jin daɗin yadda shiri ke tafiya.

Ranar ta zo. Baƙi uku ne, shugabarsu Dokta Alice, mace mai furfura a goshi wadda ba ta dariya sai da dalili. Aka zaunar da su a ofishin Baba Philemon. Justice ya shigo da farar rigarsa an goge ta har tana ɗaukar ido, ya fara jawabi a kan juyin da ya kawo wa ilimi a ƙasar Zuru. Yana cikin magana idonsa ya sauka a kan teburin baƙi. Babu lemo. Manyan mutane a zaune, tebur fayau.

Shekarun da ya yi a bayan ƙofa suka motsa a ƙafafunsa. Kafin kansa ya yi shawara, bakinsa ya ce yana zuwa yanzun nan, ya fita ya tare babur sai shagon Fidelis.

Fidelis ya ce lemo akwai, mai sanyi ma, amma ba ya ba da kiret sai an kawo kwalaben da babu komai a ciki. Justice ya ce shi fa darakta ne. Fidelis ya ce ko gwamna ne, kwalba ita ce kwalba. Haka darakta ya shiga gida-gida a unguwar yana tattara kwalabe.

A makaranta kuwa baƙi suka gaji da jira suka shiga ajin Malam Ɗanjuma. Dokta Alice ta nuna wata ɗaliba ta tambaye ta ina saifa take. Yarinyar ta miƙe da ladabi ta ce a littafi dai hagu ce, amma a ajinsu dama ce ta ci zaɓe. Dokta ta juya ta tambayi malam ko haka ne. Malam Ɗanjuma ya dubi ƙofa ko Justice zai ɓullo, bai ɓullo ba. Ya gyara tabarau, ya ce ranki ya daɗe, ke me kike gani.

Ana cikin haka aka buga ƙararrawar tara.

Saja Sila bai kai aji ba tukuna, yana daidai ƙofar makaranta, tsakiyar 'yan kabu-kabu. Amma oda ba ta ce a ina ba, ta ce yaushe. Ya dafe ƙasan cikinsa ta dama, ya yi wata ƙara da aka ji har bakin titi, ya zube kamar an sare itace.

Kafin ɗalibai su kinkime shi zuwa ɗakin gwaji, babura huɗu sun tashi ta fuska huɗu. Na farko ya ce saja ya faɗi. Na biyu ya ce ya suma. Wanda ya nufi hanyar Ribah, da ya ga tafiyar da nisa, sai ya ƙarasa labarin gaba ɗaya don kada a sa shi ya dawo.

Saloma ta iso ba takalmi. Ta tarar da mijinta a kan gado, ɗalibai sun kewaye shi, Malam Ɗanjuma yana tsaye a kansa, baƙi suna kallo. Ta kama rigar malam ta ce ya gaya mata gaskiya don girman Allah, me ya sami mijinta, zai tashi ko ba zai tashi ba. Malam ya dubi baƙi. Yanzu ne ake son ganin sabuwar koyarwa.

"Mama," in ji shi, "ke me kike gani?"

Matar da aka yi wa wannan tambaya a kan gadon mijinta ta san abin da ake nufi. Saloma ta ɗora hannu a ka ta rusa kuka, ta zaro waya daga bakin zane ta kira 'ya'yanta biyu da ke barikin Jos ta ce su nemi izini su taho, babansu yana hanyar barin duniya.

Sista Beatrice ta ture malam gefe ta ce zamani ya tsaya a waje. Ta danna cikin, saja ya yi nishi. Ta saki, ya yi ƙara. Ta dubi Dokta Alice. Dokta ta naɗe hannun riga ta gwada da kanta, ta tambayi Saloma tun yaushe ya daina cin abinci, ta tambayi saja daga ina ciwon ya fara. Ya ce daga cibiya, ranki ya daɗe, ya gangara dama. Dokta ta ce ba ta taɓa ganin ciwon da ya bi littafi sawu da ƙafa irin wannan ba, 'yar hanjin nan ce ta kumbura, in ba a yanka yau ba za ta fashe. Ta kira babban asibiti a waya ta ce a shirya ɗakin tiyata. Baba Philemon ya aika a nemo a-kori-kura.

Kafin motar ta zo Sista ta sa masa ƙarin ruwa, ta ɗauko reza ta fara aske masa ciki. Saja ya ga reza, ya ga allura, ya daure, don ya ga abin da ya fi wannan a Laberiya. Sau ɗaya dai ya buɗe baki ya tambaya ina Justice. Jama'a suka ce wasiyya zai bari.

Matan zumunta na coci suka iso da anko da tulunan kiɗansu, suka cika farfajiya da waƙar bankwana. Fasto ya zo. 'Yan'uwa daga Ribah suka fara sauka a babura, wani kawu har da akuya a ɗaure a bayansa, don ba a zuwa gidan makoki hannu rabbana.

Wannan taro Justice ya hango daga nesa, da kiret a ka. Zuciyarsa ta yi fari. Ya ce wa mai babur ya gani ko, gari ne ya fito kallon aikinsa. Ya ratsa mutane yana ɗaga hannu ɗaya, yana cewa a yi haƙuri kowa zai samu wuri. Sai ya ga an fito da Saja Sila a kan katifa, ciki a aske rabi, ana cusa shi a bayan mota, Saloma ta tallafe kansa a cinya. Ya tambayi Leah ina za a kai shi. Ta ce tiyata.

Ya sauke kiret a hankali. In ya yi shiru za a farke cikin lafiyayyen tsoho. In ya yi magana, ga Baba Philemon, ga baƙi, ga rabin Zuru. Ya ce a ransa akwai hanya ta uku. Ya haye motar ya ce zai yi wa majiyyaci addu'a irin ta kudu, ya sunkuya ya raɗa masa a kunne cewa an sallame shi.

Kunnen hagu ne. Saja ya ci gaba da nishi.

Ya zagaya ta dama, cinyar Saloma ta rufe kunnen. Ya roƙe ta ta ɗan gyara, ta ce ya bar mutum ya tafi cikin salama. Direba ya tayar da mota. Justice ya cusa baki ta ƙarƙashin hannunta ya sake raɗawa. Saja ya buɗe ido ɗaya.

"Oda ba a raɗa ta, oga," ya ce ta gefen baki. "Ba na gane ta sai da murya."

Mota ta fara gangarawa. Justice ya miƙe tsaye a bayanta, ya rufe ido, ya kware murya yadda har matan zumunta suka tsayar da kiɗa.

"Saja Sila, an sallame ka!"

Tsohon ya diro daga mota da robar ƙarin ruwa tana reto a hannunsa, ya haɗa dugadugai, ya sara. Rabin matan suka watse da gudu. Rabin suka zube a gwiwa. Fasto ya ɗaga hannu sama ya fara waƙar godiya, kawun Ribah ya rungume akuyarsa. Da saja ya tsaya a nan, da wataƙila Justice ya kwana annabi. Amma soja in ya gama aiki sai ya ba da rahoto.

"Aiki ya kammala, oga. An ce in yi ciwon ciki, na yi. An ce in faɗi da ƙararrawa, na faɗi. An ce kada in gaya wa mata, ban gaya mata ba. Ina neman izinin cin tuwo."

Waƙar fasto ta mutu a tsakiyar baiti.

Saloma ta sauko daga mota ba gaggawa. Ta tambayi mijinta ko zakaran nan da ta yanka yana jin ƙanshinsa. Ya ce ƙwarai, ya sha wuya a ranar. Ta gyaɗa kai, ta karɓi tulun kiɗa daga hannun wata 'yar zumunta, ta juyo wajen Justice. Ya ce Mama ki tsaya, wannan ilimi ne, haka ake yi a kudu. Ta ce ita ma yanzu za ta nuna masa yadda ake yi a Zuru. Suka zaga makarantar, farar riga a gaba, tulu a baya, 'yan kabu-kabu suna tambayarsa da ƙarfi shi me yake gani. Da ya zo wucewa ta gaban Sista Beatrice sai ta miƙa ƙafa kaɗan, kamar mai gyara zama. Tulun bai tsira ba, shi ma bai tsira ba.

Dokta Alice ta sake kiran asibiti ta ce a kwance shiri, majiyyacin ya tafi cin abinci. Sannan ta ce wa Baba Philemon dabarun nan duka na gaske ne, ana amfani da su a manyan makarantu, sai dai wanda ya kawo su nan rabi-rabi ya ɗebo, rabin magani kuwa wani lokaci ya fi rashinsa illa. Ta ce ba za su sa hannu bana ba. A mayar da teburin malami, a mayar da saifa, za su sake leƙowa baɗi. Suka shiga mota, lemon ma ba su sha ba.

Baba Philemon bai yi faɗa ba. Ya tsaya a kan Justice, wanda ke zaune a ƙasa yana cire ɓaraguzan tulu daga gashi, ya ce ya sha ganin saurayin da ya yi golmo gona ba ta yi kyau ba, amma yau ya fara ganin wanda ya yi golmo gonar ta koma daji. Ya ce maganar da ke tsakaninsu ta ƙare.

Da yamma Justice yana ɗakin mahaifiyarsa yana cusa kaya a jaka sai Leah ta yi sallama. Ba ta shigo ba. Ta ce ta zo ne ta gaya masa 'ya'yan saja sun sami izini sun baro Jos, an kira su a ce su koma amma wayarsu ba ta shiga, kuma dukansu sun fi ubansu tsawo. In yana da hankali ya bi motar farko ta hanyar Kontagora.

Ya ce da ma tafiyar tana cikin shirinsa. Matsalar Zuru rashin kayan aiki ne. Zai je ya haɗo na zamani ya dawo, Baba zai sauko, ita dai ta ƙara haƙuri kaɗan.

"Ka dawo mana, ai garinku ne," in ji Leah. "Sai dai kada ka dawo da sunana a bakinka. Jiran farko ban san abin da nake jira ba. Yau na gani."

Ta juya ta tafi. Ya tsaya da riga a hannu har ƙarar takalminta ta ɓace. Ya zauna a bakin gado.

Can sai maƙwabcinsu ya leƙo ta taga, ya ga jaka, ya tambaya ina kuma aka nufa. Justice ya miƙe, ya karkaɗe farar rigar, ya ninke ta yadda tabon tulu zai koma ciki. Ya ce wata babbar makaranta ce a Kontagora take nemansa ruwa a jallo, su ma malamansu sun lalace.

"Ai labari ya riga ni isa can," in ji shi, yana danne jakar da gwiwa don ta rufu. "Mutumin da babbar likita ta ce sai an yanka, mota ta tashi, mata suna kuka. Magana ɗaya na yi ya diro da ƙafafunsa. Ka tambayi kowa a garin nan, a gabansu aka yi."